Takardun Ɗanka Su Faɗi Magana Ɗaya

Jawabin kwamitin ilimi ga dattawa, iyaye da matasa na ikilisiyoyin Boɗinga da Shagari

  An ba mu magana a kan yadda ƴaƴanmu za su nemi shiga jami'a, musamman takardar nan da wasu makarantu da masu ba da tallafin karatu suke cewa yaro ya rubuta game da kansa. Za mu riƙa kiranta takardar bayanin kai. Amma kafin yaro ya kai gare ta akwai wasu takardu da suke gaba da ita, kuma a kansu ne yaranmu suka fi yin tuntuɓe, saboda haka daga nan za mu fara.

A littafin Ezra sura 2 an lissafta waɗanda suka komo daga bauta a Babila, gida gida. Wajen aya 61 zuwa 63 akwai labarin wasu daga zuriyar firistoci da aka nemi sunayensu a littafin asali ba a samu ba, sai aka dakatar da su daga aikin firist. Ba a ce mutanen banza ba ne, ba a kuma ce ba su iya aikin ba. Takarda ce ta kasa tsaya musu. Wannan abu yana faruwa da ƴaƴanmu kowace shekara. Yaro ya yi karatu, ya ci jarrabawa, iyaye sun sayar da akuya sun biya kuɗin fom, ranar tantancewa sai a ce sunan da yake wannan takarda ba shi ne a waccan ba.

Tun daga shekarar 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Yaro zai aika lambarsa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a maido masa da wata lamba wadda da ita zai sayi fom. Sunan da ranar haihuwar da suke cikin NIN su ne za su bi shi har ranar da zai karɓi digiri. To mu kuwa kun san yadda sunayenmu suke. Akwai sunan gida, akwai na baftisma, akwai wanda malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji. A takardar firamare Bitrus ne, a sakandare an juya sunan zuwa na Turanci, a NIN kuma an sa sunan kaka a wurin sunan mahaifi. A gida duk mutum ɗaya ne, amma ga kwamfuta mutum uku ne. Muna roƙon iyaye, tun yaro yana aji huɗu na sakandare, a fito da takardar haihuwa, da ta firamare, da NIN, a shimfiɗa su a kan tabarma a karanta harafi harafi. Idan akwai bambanci a gyara kafin a yi rajistar WAEC ko NECO, domin gyara bayan sakamako ya fito yana cin kuɗi, yana cin watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Layin wayar da aka yi rajista da shi ma dukiya ce. Kada ya zama na mai shagon kwamfuta, kada ya zama na saurayi ko na maƙwabci, kada kuma yara biyu su haɗa layi ɗaya. Ƴanmata kuma su ji wannan: hukumar ta yi gargaɗi cewa lalle a yatsu yana hana na'ura gane zanen yatsa, don haka a bar ƙunshi sai an gama jarrabawa.

Sai maganar shekaru. Ƙa'idar da ake bi ita ce yaro ya cika shekara 16 kafin a ba shi gurbi. Wasu iyaye suna ƙara wa yaro shekara don ya kai, wasu kuma suna rage masa saboda wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama jami'a ba ya tafiya hidimar ƙasa. Ko ƙari ko ragi, rantsuwar ƙarya ce a gaban kotu, kuma uba ne yakan sa hannu. Dattijon da ya yi wa ɗansa wannan, da wane baki zai tsawata masa gobe idan ya saci amsa a ɗakin jarrabawa?

Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, maki 400, Turanci dole ne ga kowa. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta, saboda haka yaron da bai taɓa riƙe kwamfuta ba sai ranar jarrabawa an riga an cuce shi. A shekarar 2025 kusan yara miliyan biyu suka rubuta, kuma a sakamakon farko da aka fitar fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. A waccan shekarar mafi ƙarancin makin da aka amince a shiga jami'a da shi 150 ne, kwalejojin ilimi da na fasaha kuma 100. Kada wannan 150 ya ruɗi kowa. Bakin ƙofa ne kawai. Mai neman likitanci, ko aikin jinya, ko lauya, sai ya yi nisa ƙwarai da wannan. Haka kuma kowane fanni yana da darussan da suka dace da shi: likitanci yana son Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, injiniya yana son Lissafi da Fiziks da Kemistiri, lauya yana son Adabin Turanci. Wanda ya haɗa darasin da ba na fanninsa ba, ko ya ci 300 ba za a ɗauke shi ba. Inda makaranta ba ta da malamin darasin addinin Kirista, alhali yaro yana so ya rubuta shi a WAEC ko JAMB, to aikin ya dawo kan ikilisiya. Manhajar tana nan kyauta a intanet, kuma muna da masu bishara da za su iya koyar da ita da yammacin Asabar.

Tun 2017 kuma duk gurbin karatu na gaskiya ta tsarin CAPS na hukumar JAMB yake bi. Sai an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a kai, in an ba yaro gurbi sai shi da kansa ya shiga ya karɓa cikin lokacin da aka ƙayyade. Duk wanda ya zo muku ya ce yana da hanya a ciki, a ba shi kuɗi ya samo gurbi ta bayan gida, ku sani ko da yaron ya shiga aji ya yi shekara huɗu, in sunansa ba ya cikin rajistar hukumar, zai sha wahala wajen tafiya hidimar ƙasa. Abin baƙin ciki, masu wannan sana'a wani lokaci da Littafi Mai Tsarki a hammata suke zuwa.

TAKARDAR ASALI

Yanzu mun zo inda yake mana ciwo. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga ƴan jihohin da suke kewaye da jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka lissafta a matsayin waɗanda aka baro a baya wajen ilimin boko. Abin da ake dubawa shi ne jihar asali, ba inda aka haifi yaro ba. Yaron da aka haifa a Shagari, ya yi firamare da sakandare a nan, Hausar Sakkwato ce a bakinsa, in mahaifinsa daga Filato ya zo aiki, to a takarda ɗan Filato ne. Wannan ne yake sa wasu su nemi takardar asalin ƙaramar hukumar da ba tasu ba, har ma a canja wa yaro suna don kada a gane ko shi wane ne.

Kafin mu yi maganar zunubin da yake ciki, bari mu nuna cewa sau da yawa ma wahalar banza ce. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, jihohin da take ɗiba a kashin nan na 35 su ne Sakkwato, Kabi, Zamfara, Katsina da Neja. Ke nan ƴan'uwanmu na ƙasar Zuru da Yawuri, da na Rijau da Kwantagora, da takardarsu ta gaskiya suna ciki. Jihohin Filato, Binuwai, Nasarawa, Kaduna, Taraba da Adamawa kuwa suna cikin jerin masu kashi 20. Ƴan'uwanmu Ibo da Yarabawa suna da ƙofar maki, suna kuma da jami'o'in tarayya na yankinsu inda su ne ƴan gida. Ga kuma jami'o'in tarayya na Birnin Kabi da Gusau da aka kafa a 2013, ga ta aikin gona a Zuru. Wanda bai samu ta JAMB kai tsaye ba zai iya yin NCE, ko difloma, ko IJMB, ya shiga aji biyu daga baya. Hanyar ta fi tsawo, amma mutum yana tafiya a kanta ba ya waiwaye.

Takardar saye kuwa takan tashi ta ci mai ita a lokacin da bai zata ba: ranar tantancewa, ranar ɗaukar aiki, ko ranar da wani abokin hamayya ya je ya tono. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Banda haka, me muka koya wa yaron? Mun gaya masa cewa sunansa da gidansu abin ɓoyewa ne. Daniyel da abokansa sun yi shekara uku suna karatu a fadar Babila, an canja musu suna ba da sonsu ba, duk da haka kowa a fadar ya san ko su wane ne da wanda suke bauta wa. Mu kuma da hannunmu za mu canja wa namu?

Akwai ɗaya gefen. A cikinmu akwai Masihiyawa, Hausawa da Fulani masu bi, waɗanda kakanninsu a ƙasar nan aka binne su. Takardar asali haƙƙinsu ce. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa, ko ƙabilarsa, ko wurin asalinsa. In wani a ko'ina ya gamu da jan ƙafa a kan wannan, kada ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya tafi da faɗa. A bi ta wurin mai unguwa da hakimi waɗanda suka san gidan, dattawa biyu su raka shi, a rubuta buƙatar a takarda a ajiye kwafi. In abin ya ƙi, a sanar da shugabannin CAN, akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ta tarayya wadda take da ofis a kowace jiha. Nehemiya da zai tafi Urushalima ya yi addu'a, sa'an nan ya roƙi sarki wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

TAKARDAR BAYANIN KAI

JAMB ba ta tambayar wannan takarda, jami'o'in gwamnati na ƙasar nan ma maki suke dubawa. Amma kusan duk inda ake ba da kuɗin karatu kyauta, ana tambayarta. Shirin tallafi na Gidauniyar Mastercard, wanda ya fara a 2012, yana biya wa yaran Afirka marasa ƙarfi karatu a jami'o'i irin su Ashesi a Gana da Makerere a Yuganda, kuma sai yaro ya rubuta bayanin kansa. Mai neman jami'a a Ingila ta hanyar UCAS ana ba shi fili na haruffa 4,000, kuma ga masu shiga daga 2026 an raba shi tambaya uku: me ya sa kake son wannan fanni, ta yaya karatunka ya shirya ka, me kuma ka yi a wajen makaranta da ya shirya ka. Masu neman digiri na biyu ta tallafin Chevening ko na Commonwealth su ma sai sun rubuta. Makarantun tauhidi sukan nemi shaidar tuba da ta kira, kwamitocin tallafi na ɗarikunmu ma sukan ce a rubuto. Ko wanda ba zai taɓa ƙetare Kwantagora ba, waɗannan tambayoyi uku sun isa uba ya zaunar da ɗansa ya yi masa su kafin a sayi fom.

Wahalar farko ita ce tarbiyyarmu. Mun taso da jin cewa yabon kai jahilci ne, a majami'a kuma an koya mana tawali'u. Sai a ce wa yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta dubi babba ta rubuta shafi guda a kan kanta. Abin da yakan fito shi ne ko dai ta ƙi faɗin komai, ko ta ari manyan kalmomin da ba nata ba. Amma faɗin abin da ka yi ba fahariya ba ce, in dai ka yi shi. Ku duba Manzo Bulus a gaban sarki Agaribas, Ayyukan Manzanni sura 26. Ya faɗi inda ya taso da irin karatun da ya yi, ya faɗi abin da ya same shi a hanya, ya faɗi aikin da yake yi tun daga ranar, ya kuma nuna cewa akwai mutane da rai waɗanda suka san shi tun yana saurayi, ana iya tambayarsu. Takardar bayanin kai mai kyau haka take: kowace magana a cikinta akwai wanda za a iya tambaya ya ce i, haka ne.

Mai karanta waɗannan takardu yana da ɗaruruwa a gabansa. Rabinsu sun fara da cewa tun ina ƙarami nake da burin taimakon al'umma. Wannan magana ba ƙarya ba ce, amma ba ta kowa ba ce, don haka ba ta tsayawa a kai. A ce yaro yana son karanta injiniyancin aikin gona. In ya rubuta cewa noma shi ne ƙashin bayan tattalin arziki, bai gaya wa mai karatu abin da bai sani ba. In kuwa ya rubuta cewa rani uku ke nan yana bin wani bakanike suna gyaran injin ban ruwa na masu albasa a fadamun da ke kusa da madatsar ruwan Shagari, ya lura yashi ne yake yawan kashe injinan, ya gwada ɗaura raga a bakin tiyo, ta yi aiki sati biyu ta toshe, yana so ya koyi dalili, to mai karatu zai ajiye alƙalami ya sake karantawa. Ya ga mutum, ya ga wuri, ya ga hankali yana aiki. Har gwajin da bai yi nasara ba ya ƙara wa takardar nauyi.

Yaranmu suna da irin waɗannan abubuwa da yawa, sai dai ba su ɗauke su a bakin komai ba. Yarinyar da take juya wa'azi daga Turanci zuwa Hausa kowace Lahadi, tana da abin faɗa in tana neman fannin harsuna, ko aikin jarida, ko lauya. Wanda yake rubuta lissafin baiko a littafin ma'aji, wanda yake koyar da yara goma sha biyar a makarantar Lahadi, wadda ta yi jinyar kakarta shekara biyu ta san lokacin kowane magani, wanda yake tsaron shagon mahaifinsa bayan makaranta ya iya ciniki da harshe uku. Zaman da muke yi ma a tsakanin maƙwabtanmu Musulmi ilimi ne. Yaron da ya tashi shi kaɗai ne Kirista a ajinsu, ana kawo musu naman Sallah suna kai abincin Kirsimeti, ya san yadda ake zama da wanda ba ku sujada tare, ya san abin da yaran manyan birane da yawa ba su sani ba.

Shawararmu ita ce a fara da baki, da Hausa ko harshen gida. Wani babba ya zauna da yaron ya yi ta tambayarsa: me ka yi, yaushe, da wa, me ya biyo baya, me ka gane? A rubuta amsoshin yadda suka fito. Daga nan yaron ya juya su Turanci da kansa, Turanci mai sauƙi wanda zai iya maimaitawa in an kira shi ganawa. Malami ya duba nahawu da rubutu, amma kada ya sake ginin. A kiyaye yawan kalmomin da aka ce, a amsa tambayar da aka yi, ba wadda aka so a ce an yi ba. Kada kuma a cika takardar da ayoyi. In makarantar tauhidi ce, wannan wurinsa ne. In kuwa fannin kimiyya ne, yaro zai iya faɗi sarai cewa shi mai bi ne kuma ga hidimar da yake yi a ikilisiya, ya wuce zuwa ga abin da aka tambaye shi.

Kada a saya, kada a kwafa. Masu shagon kwamfuta suna da takarda ɗaya da suke canja wa suna su sayar wa mutum ashirin. Yanzu kuma ga ChatGPT da ire-irensa a cikin waya, cikin minti ɗaya za su zubo shafi mai santsi. UCAS tana da na'urar da take gwada kowace takarda da waɗanda aka taɓa aikowa, ta kuma ce miƙa rubutun na'ura a matsayin naka ana iya ɗaukarsa maguɗi. Ko ba a kama ba, ranar ganawa za a tambayi yaro abin da ya rubuta ya yi tsuru-tsuru. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wata jaraba da ta fi wannan, kuma tamu ce musamman, mu ƴan tsiraru. An san cewa a ƙasashen waje akwai masu tausayin Kiristocin arewacin Nijeriya. Sai wani ya raɗa wa yaro cewa ya rubuta an ƙone majami'arsu, an kore su daga gida, an kashe mahaifinsa, alhali mahaifin yana zaune yana jiran sakamako. Ƴan'uwa, wannan shaidar zur ce a kan maƙwabci, doka ta tara ke nan aka karya. Mutanen da ake ɗora wa laifin su ne waɗanda muke saye da sayarwa da su, suke zuwa mana gaisuwar mutuwa. Kuma sata ce daga waɗanda abin ya same su da gaske, domin kowace ƙarya da aka gano tana sa a ƙi gaskata gwauruwa da maraya na gaskiya da za su rubuto a baya. Hananiya da Safiratu ba don sun kawo kaɗan aka hukunta su ba, don sun faɗi abin da ba haka yake ba ne. Wanda wahala ta same shi da gaske, ko ta ƴan bindiga, ko ta bambanci, ko ta talauci, yana da iko ya faɗa. Ya faɗe ta daidai yadda take, a taƙaice, sa'an nan ya ba da mafi yawan filin ga abin da ya yi a cikinta. Masu ba da tallafi ɗalibi suke nema wanda zai iya gama karatu.

Iyayenmu fastoci, ku gafarce mu, muna da kalma gare ku. Sau da yawa ku ake zuwa wa neman wasiƙar shaida. Wasiƙar da ta ce yaron kirki ne mai tsoron Allah, aka buga hatimi, ba ta taimaki kowa ba, musamman in iri ɗaya aka ba yara biyar. Ku faɗi shekara nawa kuka san shi, wane aiki kuka ba shi, yaya ya riƙe shi. Wanda ba ku sani ba, ko ɗan wane ne, ku ce a je wurin wanda ya san shi.

TSORO, DA ƳAƳANMU MATA

Ba za mu tashi ba mu taɓa abin da yake zuciyar kowace uwa a nan ba. Ranar 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin ɓatanci. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Hassan Kukah ma haka. Babu abin da ya halatta abin da aka yi mata. Tun daga lokacin wasu iyaye sun ce ƴaƴansu sai Jos, ko Zuru, ko Jami'ar Bingham ta ECWA da ke Karu, wasu kuma sun ce ƴa mace ta zauna a gida kawai. Wanda yake da halin kai ɗansa nesa, ba mu ga laifinsa ba. Amma yawancinmu ba mu da wannan hali, kuma har yau akwai ɗalibai masu bi da suke karatu a makarantun Sakkwato suna gamawa. Abin da za mu iya yi shi ne kada mu tura yaro shi kaɗai kamar wanda aka jefa rijiya. Kafin ya tare, a haɗa shi da zumuntar ɗalibai irin su FCS ko NIFES, a samo masa wani gida na masu bi a cikin gari da zai zama nasa, fastonsa na gida ya san lambar faston can. A kuma zauna da shi a yi masa magana a kan zaurukan WhatsApp na aji da Facebook, yadda kalma ɗaya take tafiya inda mai ita bai aike ta ba.

Zaunar da ƴa mace kuwa, ba mu goyi bayansa ba. Ƙasar da muke zaune a cikinta ba baƙuwar karatu ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a nan Boɗinga yana koyarwa yana rubuta littattafai, Nana Asma'u ta shirya mata malamai suna bin ƙauyuka tun ƙarni na 19, Alhaji Shehu Shagari kuma malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. In maƙwabtanmu suna da wannan gado, abin kunya ne a ce ikilisiya, wadda ta shigo ƙasashe da yawa da allo da asibiti, ita ce take aurar da yarinya mai kiredit takwas don babu kuɗin fom. A 2025 fom ɗin JAMB naira 7,200 ne, da jarrabawar gwaji 8,700. Tun watan Mayu na 2024 kuma asusun NELFUND na gwamnatin tarayya yana ba ɗaliban makarantun gwamnati bashi marar ruwa, ya biya kuɗin makaranta, ya ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne, za a biya, a gaya wa yaro haka. Kuma ana neman lambar JAMB, da NIN, da BVN, in sunayen ba su zo ɗaya ba nan ma a tsaya.

Abin da kwamiti yake roƙo shi ne kowace ikilisiya, komai ƙanƙantarta, ta ware mutum biyu, namiji da mace, su rubuta sunayen duk yaran da suke aji huɗu zuwa shida na sakandare, su bi gida gida su ga takardunsu da idonsu. A fara da gidajen gwauraye da marayu, da gidajen da iyaye ba su yi boko ba. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke cikinmu, muna roƙon kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya zauna da su a kan bayanin kansu. Wanda yake da kwamfuta a gida ko a shago ya ba da aronta awa biyu a mako. Zumuntar mata da ta maza kuma su duba ko za a iya keɓe baiko ɗaya kafin ƙarshen shekara domin kuɗin fom da na mota zuwa cibiyar jarrabawa, tun da rajistar JAMB a farkon shekara ake buɗe ta. Sakataren kowace ikilisiya ya kawo jerin sunayen a zamanmu na gaba.